Famfon Man Motata Ya Rasu, Kuma Ba Shi da Laifi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Wilfred Oldroyd na ƙauyen Thornbeck, a madadin iyalina da ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motocin tsere a arewacin Yorkshire, nake sanar da rasuwar famfon man motata, jar nan mai kujera biyu marar rufi. Ya cika ranar Lahadin da ta wuce da misalin ƙarfe biyu na rana, a hawan tudun hanyar Whitby, yana da shekara hamsin da bakwai a duniya. Allah ya ji ƙansa.

Marigayi ya fito daga masana'anta tare da motar a 1967. Ya zauna a lungu ɗaya bayan tayar baya, inda taɓo da gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara suke samunsa, bai taɓa neman a canza masa wuri ba. Aikinsa ya ɗebo fetur daga tanki ya miƙa gaba, kuma ya san awo. Famfunan zamani sukan banko mai da ƙarfi har kafireto, mai gauraya mai da iska, ya shaƙe ya yi ta amai. Shi kuwa a hankali yake turawa, daidai abin da za a iya haɗiyewa. Da safe in na murɗa makulli sai in ji shi: tik, tik, tik... tik. In ya yi shiru ya cika bututu ke nan, sai a tayar da inji. Wallahi na fi son wannan sautin a kan ƙararrawar coci.

Ya rasu ya bar tagwayen kafireto, waɗanda ba su taɓa jituwa da juna ba, da ɗan ƙarfen daidaita ƙarfin mai, wanda na ɗaura masa tun da daɗewa don ya sa masa ido amma bai taɓa kama shi da wuce gona da iri ba, da tsohon tanki. Ya kuma bar matata Beryl, wadda ta fi kowa kusa da shi a rayuwa, ko da yake ba da son ranta ba.

Kowa a ƙungiya ya san al'ada: famfo ya ƙi aiki, a ƙwanƙwasa shi da gudumar katako. Tun 1989 motar ta ɗauki halin mutuwa a kan tudu, musamman ranar zafi. Ni dole in zauna riƙe da makulli, don haka Beryl ce mai sauka. Ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa da rigar zuwa coci, ta buga, ta jira, ta sake bugawa, marigayi yana ta tiktiktiktik kamar zai shiɗe. Bayan minti goma mota ta tashi, mu ce duka ya yi magani. Shekara talatin da biyar muna haka. A bara ne, gwiwoyinta sun fara ciwo, ta ce mini, "Wilfred, ka ji ni da kyau. Na ƙara durƙusa wa tsinanniyar motar nan sau ɗaya, sayar da ita za a yi, garejin in shuka tumatir." Na aure ta shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa ganin ta faɗi magana ta janye ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin bayan ita ba ni da abin da nake so kamar motar nan.

Ranar Lahadi ƙungiya ta fita cin soyayyen kifi da dankali a bakin tekun Whitby. Rana ta buɗe, muka maƙale a bayan wata tarakta a kan tudu, mota ta yi tari biyu ta mutu. Na ce zan sauka da kaina. Beryl ta ce, "Zauna, tsoho, yau ta ƙarshe ce, bari in yi sallama da shi." Ta ɗaga guduma ta sauke da dukan abin da ta tara a ranta. Na ji ƙas! Marigayi ya ce tik, sau ɗaya, bai ƙara ba. Igiya aka sa aka jawo mu gida a gaban kowa.

Ran Litinin Clive Hebblethwaite, bakaniken ƙungiya, ya zo binciken gawa. Ya buɗe cikin marigayi ya tarar da komai tas, in ban da murfin da aka fasa. Sai ya shiga ƙarƙashin mota, ya daɗe, ya fito yana kallona.

Ya ce, "Mutumina, wane mahaukaci ne ya ja bututun nan?"

Na ce ban tuna ba. Ƙarya nake yi. Ni ne, a 1989, da bututun asali mai kawo wa famfo fetur daga tanki ya yi tsatsa. Wanda na sayo ya gaza da taƙi ɗaya, na ji ƙyuyar komawa kanti, sai na yanke hanya na bi da shi ta gefen salansa.

Clive ya ce, "Yatsa biyu tsakaninsa da salansa! Fetur tafasa yake yi a ciki, bawan Allah yana zuƙar tururi. Famfon da ya yi shiru ake duka, Wilfred. Naku ihu yake yi kuna jibgarsa. Minti goman da uwargidanka take durƙushe, bututu ne yake hucewa. Da shayi kuka zauna kuka sha, da mota ta tashi."

Kunya ta kama ni, na zauna a kan bokiti na yi hawaye. Na roƙi Clive ya rufa mini asiri, ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Matarsa Doreen kaɗai ya gaya wa. Doreen da Beryl kuwa layi ɗaya suke tsayawa a cikin mawaƙan coci.

Ran Laraba Beryl ta shigo gareji, ta tsaya a kan gawar tana kallonta. Na fara lissafin inda za a jera tukwanen tumatir. Can ta ce, "Motar ba ta yi mini komai ba, ashe. Shi ma wannan bawan Allah bai yi ba. Ba za a sayar ba." Na buɗe baki zan yi godiya, ta miƙo tafin hannu. "Makulli."

Saboda haka ina shaida a gaban jama'a cewa marigayi ya rasu da gaskiyarsa, kuma ina neman gafararsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a bayan gidana, gindin bishiyar tuffa. An naɗe shi a tsohuwar hular ulu tawa. Clive zai faɗi 'yan kalmomi, an roƙe shi ya taƙaita. Akwai shayi da burodi da cuku. Kada a kawo furanni, kuma don Allah kada a kawo shawara. Bayan an binne, ayarin motoci zai tashi zuwa Whitby a ƙarasa cin kifin da aka fasa, jar motar tana gaba da sabon famfo da sabon bututu. Beryl ce za ta tuƙa, ta kuma ba Doreen kujera ta biyu. Duk wanda yake da wuri a motarsa, ya taimaka ya tsaya mini a bakin ƙofa.