Kwamfutar Uchechi Ta Kama Aikin Gwamnati

Jama'a, yau da sassafe na sa babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, wadda ba na fito da ita sai da dalili, na bar Fagge na tafi karɓo kwamfuta. La'asar sakaliya na dawo da wayar caji a aljihu, riga ta sha gumi, ƙafafu kamar na aro. Tun a Titin Ibrahim Taiwo aka nuna mini yadda ranar za ta kasance, don mai adaidaita sahun da ya ɗauke mu zuwa tasha ya hango layin mai yana motsi, nan take ya saki hanya ya bi layin da mu a ciki. Da na yi magana ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, in ban sha yanzu ba, ni da kai duk turi za mu yi." Na yi haƙurin. Shi kaɗai ne abin da har yanzu ba a fara bin layinsa ba a ƙasar nan.

Bari in faro muku daga tushe. Ina da maƙwabci a kasuwar Sabon Gari, Boniface, mai sayar da kayan famfo. Rumfarsa na jikin tawa ta robobi, mun tsufa muna aron benci da tsintsiya a tsakaninmu. 'Yarsa ta fari, Uchechi, a gabana ta yi rarrafe. Hausar bakinta ta fi tawa gishiri, kuma Baba take ce mini. Ita ce ta samu shiga wata jami'a a wani gari da ba nisa, tana karatun digiri a kimiyyar kwamfuta. Sunan jami'ar ku bar ni da shi a ciki. Ni dai Jami'ar Sai-Wata-Rana nake ce mata.

Shekara uku yarinyar nan tana koyon kwamfuta a jikin allo. Malam zai shigo da alli ya zana akwati, ya ce ga kwamfuta. Ya zana wani ɗan mitsitsi a gefe, ya ce ga linzaminta. Ɗalibai su rubuta manhaja da biro a takarda su miƙa masa, ya karanta, ya ce wannan ta yi aiki, wannan ba ta yi ba. Shi ne kwamfutar, shi ne wutar lantarkin. Kada ku ce na yi wa manya ƙazafi, ɗakin kwamfuta akwai shi, kuma ɗaki ne na gani na faɗa. Ranar buɗe shi an yanka sa, an kira makaɗa, an raba kalanda mai hotunan manya suna murmushi. An sa masa na'urar sanyaya ɗaki, an shimfiɗa kafet. Abu ɗaya tak ya rage, kwamfutocin. Su ma an ce an fitar da kuɗinsu, suna hanya. A hanyar ce, ikon Allah, suka rikiɗe suka zama motoci masu baƙin gilashi.

Da ta shiga ajin ƙarshe aka ce kowa sai ya ƙirƙiro manhajarsa ya kare ta a gaban malamai kafin a ba shi digiri, Boniface ya sayar da babur ɗinsa ya saya mata kwamfutar tafi-da-gidanka, 'yar gwanjo, murfinta da ɗan tsagu a gefe. Mutumin da ba ya zuwa bakin titi sai a kan babur ya koma takawa daga gida zuwa kasuwa, amma in ka gan shi sai ka ce kujerar Makka ya ci. Uchechi kuwa ta duƙufa. Manhajar da ta haɗa ta gaya wa mutum gidan man da ke sayarwa ce, da tsawon layinsa, tun kafin ya fito ya ƙone ɗan abin da ya rage a tankinsa. Ranar da ta gwada mini a rumfa sai da na ji ƙwalla, don na ga ilimi da idona yana shirin yi wa talaka amfani.

Ana haka sai labari ya zo cewa manyan baƙi masu duba makarantu za su zo su ga ko sashen ya cancanci ci gaba da ba da digiri. Nan fa jami'a ta farka. Aka shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, aka yi hayar furanni a tukwane, har malamai aka aro daga wasu makarantu, kowa da kwat ɗinsa. Shugaban sashen, wanda ni nake kira Mai Girma Uban Na'urori, Allah ya ƙara masa na'ura, ya tara ɗalibai ya yi musu huɗuba a kan kishin makaranta. Ya ce duk mai kwamfuta ya kawo ta aro na yini biyu, a jera a ɗakin nan baƙi su gani. Ya ce in aka rufe sashen, digirin kowa ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Wa zai ƙi? Uchechi ta kai tata da hannu biyu.

To, manya ba sa aiki rabi da rabi. Wani mai hangen nesa a cikinsu ya ce baƙin nan ba yara ba ne, in suka ga kwamfutoci kala-kala babu shaida za su gane na aro ne. Sai aka kira mai zanen ƙarfe, irin mai rubuta lamba a jikin gilashin mota, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zana sunan jami'a da lamba a murfin kowacce. Ba fenti ba fa da za a goge da kananzir. Zane ne da ya shiga jiki.

Baƙi suka zo, suka ci, suka sha, suka shiga ɗaki suka ji sanyi. Aka zaunar da Uchechi a gaban kwamfutarta ta nuna musu manhajar gidajen mai. Suka tafa. Uban Na'urori ya dafa murfin ya ce, "Irin na'urorin da muka sayo ke nan, kuma irin 'ya'yan da suke haifarwa ke nan." Aka ɗauki hoto. Baƙi suka hau motocinsu suka tafi suna sa albarka, sashe ya tsira.

Washegari yara suka je ɗaukar kayansu, suka tarar da kwaɗo a ƙofa kamar kan jariri.

Na san abin da za ku ce, don maƙwabcina Goni ya riga ku faɗa a majalisarmu ta ƙofar gida. Goni mutum ne da in gwamnati ta taka shi zai ce ƙafarsa ce ta shiga hanya. Ya ce, "Ai laifin yarinyar ne, Malam. Mai karatun kwamfuta ba ta san ta ajiye kwafin aikinta a wani wuri ba?"

Na ce, "Ta ajiye, Goni. A filas, 'yar na'urar ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta."

"To ina filas ɗin?"

"Tana jikin kwamfutar. Da ita ta yi wa baƙi nuni."

Goni ya gyara hula ya ce, "To ka gani. Da ta ajiye kwafin kwafin." Na tashi na shige gida kafin in yi abin da zai raba zumunci.

Yau ce ranar da Uchechi za ta kare aikinta, da azahar. In ta wuce ta, sai baɗi, shekara guda cur ta zaman jira da sabon kuɗin makaranta, ga ƙannenta na layi a bayanta. Shi ya sa Boniface ya roƙe ni in raka shi. Ya ce, "Malam, kai kana da furfura, kuma ka iya magana da manya. Ni in na yi fushi Hausata gudu take yi." Muka bar rumfuna a rufe muka kama hanya. A can jami'ar muka tarar da Uchechi tana jiranmu.

Mun fara da mai kula da kayan sashen, Ranka-ya-daɗe Sarkin Makullai. Muka same shi yana shan kunu. Ya saurare mu tsaf, ya ce shi makullan duniya duk suna hannunsa ban da wannan. Wannan yana wurin wani babba da ya tafi ƙasar waje taron ƙara wa juna sani a kan koyar da ɗalibai da kwamfuta. Na ce to a fasa kwaɗon mana. Ya ajiye kofi ya dube ni kamar na ce a fasa banki. "Alhaji, kayan gwamnati ne fa a ciki!" Amma mutumin kirki ne, ya jawo wani kwali cike da wayoyin caji da aka manta ba a kulle da su ba, ya ce Uchechi ta zaɓi tata, tunda su ba a zana musu suna ba. Ta zaɓa ta miƙo mini in riƙe mata.

Daga nan muka hau bene wurin Uban Na'urori. Mun yi zaman benci har ƙafata ta yi barci, sannan aka ce mu shiga. Na tuɓe takalmi, na rusuna, na jero gaisuwar da ban yi wa surukina ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yata ce. Aron yini biyu aka ce, yau ga shi har wata ya juya."

Ya yi murmushi irin na kalanda ya ce, "Baba, wane aro? Mu nan ba ma aro. Manyan baƙi sun zo sun gani da idonsu, sun rubuta cewa sashen nan yana da na'urorinsa. Yanzu in na ɗauki ɗaya na ba ku, me nake cewa ke nan? Ƙarya muka yi musu? Kai da girmanka, cewa kake mun yi ƙarya?"

Na ce, "Wane ni, ranka ya daɗe."

Boniface ya zaro rasit daga aljihu yana haki. "Oga, ga shi, ni na saya. Babur nawa na sayar!"

Uban Na'urori ya sa tabarau ya duba sama da ƙasa. "Wannan rasit bai ce akwai sunan jami'a a murfinta ba. Tamu kuwa akwai. Ke nan taka daban, tamu daban. Ka je ka nemi taka inda ka ajiye." Ya ƙara da cewa an ma kafa kwamiti da zai binciki yadda aka yi ɗalibai da yawa haka suka wayi gari suna iƙirarin mallakar kayan makaranta, don abin ya fara yi musu kama da haɗin baki.

Uchechi ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Yallaɓai, na bar muku ita. A bar ni kawai in shiga in kwashe aikina." Ya ce ai ko da makulli na nan, doka ta hana ɗalibai shiga ɗakin, saboda ɗalibai ɓarna gare su, kuma dole a adana na'urorin domin baƙi na gaba. Ya dubi agogo ya ce mu yi masa uzuri, yana da zama da azahar.

Zaman nan kuwa shi ne na kare aikin ɗalibai, kuma shi ne shugabansa. Ni da Boniface muka tsaya ta taga muna leƙe. Waɗanda suka ƙi ba da aron tasu, aka yi ta kiransu marasa kishi, su ne suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka nuna aikinsu suka fito suna dariya. Aka kira Uchechi. Ta shiga da takardu a hannu, ta fara bayanin manhajarta da baki. Uban Na'urori ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Ina kwamfutarki?"

Bai ma jira amsarta ba.

Ya juya ga sauran malamai yana girgiza kai. "Kun ga abin da nake faɗa muku. Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, ajin ƙarshe, amma ko kwamfutar kanta ba ta da ita. Yaran yanzu komai sai gwamnati ta yi musu. Ki je ki shirya, ki dawo baɗi."

Babu malami ɗaya da ya ɗaga ido daga teburinsa. Da yawansu suna wurin ranar da aka tafa mata.

Wallahi raina ya ɓaci yadda ya daɗe bai ɓaci ba. Yarinyar ba ta yi kuka a gabansu ba, ta tattara takardunta ta ce ta gode, ta fito. Sai a mota, da muka kama hanyar Kano, ta kifa kai a cinya. Da muka iso tasha muka sauka. A nan ne Boniface ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wannan janareta nawa na rumfa, kana ganin zai sayi wata kwamfuta?" Na ce zai saya. Na sa kai na wuce.

Don haka ina taya Jami'ar Sai-Wata-Rana murna. Ta mallaki ɗaki guda na kwamfutoci ba tare da ta sayi ko ɗaya ba, wanda ko a Kasuwar Singa ban ga ɗan kasuwar da ya iya wannan ba. Ina kuma taya kwamfutar Uchechi murna, ta riga uwar ɗakinta samun aikin gwamnati, tana kwance a ɗaki mai kafet ba ta yin komai, kamar sauran manyan ma'aikata.

Ni dai na ji an ce wata mai zuwa sashen kiwon dabbobi baƙin za su duba. Gobe da asuba zan kai awakina biyu ƙauye wurin ƙanwata.