Yadda Za Ki Riƙe Jitar Barnaby A Gaban Jama'a Ba Tare Da Kin Iya Ba

Ku yi haƙuri da ni. Na san akwai manya a garinmu Shillong da suka shekara talatin suna hawa dandamali, su ya kamata su yi wannan rubutu, ba ni da na hau sau ɗaya tak ba. Sunana Ibadahun, shekarata goma sha tara, kuma ban taɓa rubuta wani abu don mutane su karanta ba sai amsar jarrabawa. In kin ci karo da kuskure, don Allah ki wuce shi kamar ba ki gani ba.

Amma abin da zan koya miki na gwada shi da kaina, ya kuma yi aiki. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari za ki tsaya da jita a wuya a gaban mutum kusan dubu, a tafa miki har hannu ya yi zafi, alhali ba ki san wace tsirkiya ce ta sama ba.

Mataki na 1: Ki samu kawu wanda ya gaji da zama kansa

Nawa shi ne Kawu Wanbok, yayan mahaifiyata. Da safe yana gyaran agogo a kasuwar Iewduh. Sauran rayuwarsa kuwa shi ne mawaƙin Agwagin Tagulla, wata ƙungiyar Turawa da ta watse tun ba a haife ni ba. Shi da abokansa uku suke kwaikwayonta: sutura, tafiya, tari, komai da komai, daga wani tsohon kaset ɗin bidiyo guda ɗaya. Inda mawaƙin ya yi tuntuɓe da waya, Kawu ma sai ya yi, kuma gwiwarsa ta hagu za ta ba da shaida. Inda kaset ɗin ya sha ruwa hoto ya tsaya na daƙiƙa bakwai, su ma sai su sandare daƙiƙa bakwai, baki a buɗe.

Shekara goma sha tara ke nan suke rufe taro a bikin unguwarmu. Dokar kwamiti ɗaya ce: wanda ya riƙe kayan kiɗa, shi zai kaɗa. Wanda aka kama da maguɗi an sauke shi ke nan har abada, a ba ƙungiyar Bah Donbor wurin, wadda ta daɗe tana jira tana hamma. Bah laƙabin girmamawa ne na maza a wurinmu, na mata kuwa Kong. Kawu ya taɓa ce mini ranar da aka sauke shi zai koma mai gyaran agogo kawai, kuma bai san wannan mai gyaran agogon ba, ba ya kuma son a haɗa su.

Mataki na 2: Ki yi kama da wani namiji da ba ki taɓa gani ba

A cikin Agwagin akwai Barnaby, mai babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ke gurnani kamar bijimi. Dogo ne siriri mai tabarau, ba ya kallon komai sai ƙasa. Wanda yake yin Barnaby a ƙungiyar Kawu ya yi aure ya tare a gidan matarsa, surukarsa ta sa shi gaba da shinkafa da nama. Cikin wata biyar jita ta daina kwanciya a jikinsa. Kawu ya sallame shi saura mako uku biki.

Ina karatu a bakin taga Kawu ya shigo gidanmu, ya tsaya cak.

"Kar ki motsa," ya ce. "Rida, zo ki ga Barnaby."

Mahaifiyata Rida, wadda nake kira Mei, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Bah, yarinyar nan ko tafi ake yi a coci sai ta makara."

"Kawu, ban iya ba," na ce wa ƙasa.

"Wa ya tambaye ki iyawa? Dubi yadda take kallon daɓe kamar an binne mata wani a wurin. Ita za ta tsaya, ke Rida ki kaɗa a bayan labule."

Mei ta shekara ashirin tana kaɗa irin wannan jita a coci. Ta ce, "Me zai hana ni tsayawa da kaina?"

Kawu ya dube ta daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. "Ƙanwata, hannunki na Barnaby ne. Sauran jikin ne ban san na wa ba."

Mei ta auna nisan ludayi da goshinsa, sai ta fasa. "Zan yi. Amma a zaune, kuma da shayina."

Ki lura: kunya baiwa ce. Mutane sun ɗauka mai kallon ƙasa yana tunani mai zurfi ne.

Mataki na 3: Ki ƙware a rashin yin komai

Ki sa gashin kanti mai kai kafaɗa. Ki liƙa saje biyu da gam ɗin mai gyaran takalmi. Wayar jitarki ta bi ƙarƙashin dandamali ta ƙare a cikin buhun dankali, ta mahaifiyarki kuwa ta shiga lasifika. Yatsun hannun dama su riƙa motsi kamar kina tsince tsakuwa a shinkafa, na hagu su riƙa hawa da sauka kamar sun yar da wani abu. Ki gyaɗa kai lokaci-lokaci, ba don kin yarda da komai ba.

Mun huda labule daidai idon Mei, don in na tsaya ta tsaya. Abin da ba wanda ya gaya wa Kawu shi ne, Mei in kiɗa ya yi mata daɗi rufe ido take yi. Ni na sani. Na yi niyyar faɗa sau uku, amma kullum sai in tarar wani yana magana.

Mataki na 4: Ki hau, kar ki kalli kowa

Asabar ce da rana, a filin ƙwallo, ana yayyafi, lema ta rufe ko'ina. A layin gaba akwai mai unguwa Bah Shemphang, da mahaifiyarsa Kaka Dristina da ta haura tasa'in, da Bah Kitbok mai kemis, wanda ya san komai game da Agwagin Tagulla har lambar takalminsu. Kowace shekara yakan zo da ɗan littafi yana rubuta duk inda aka saɓa wa kaset.

Waƙa huɗu suka wuce lafiya. Kawu ya yi tuntuɓensa a kan lokaci, Bah Kitbok ya gyaɗa kai. A wurin sandarewar daƙiƙa bakwai wani kare ya hau dandamali ya lashe gumin ƙafar mai ganga, bawan Allah bai ko ƙifta ba. Ruwa ya jiƙa sajena na hagu, ya gangaro sannu a hankali ya tsaya a haɓata. Kar ki taɓa shi. Ki yi kamar can ya tsiro.

Mataki na 5: In tsohuwa ta miƙo miki goro

Wannan matakin ba ni da shawara a kansa. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

A waƙar ƙarshe akwai minti biyu da kowa ke yin shiru, jitar Barnaby kaɗai ke magana. Muna shiga wurin na ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan matakala. Kaka Dristina ce. Ba wanda ya tare ta, don ba a haifi mai tare ta ba tukuna.

"Ɗan wane ne wannan?" ta ce, da muryar wadda ba ta ji sosai. "Dubi leɓensa fari fat, yana rawar sanyi. Duk taron nan ba mai ba shi goro?"

Ta kwance jakarta, ta shafa farar ƙasa a ganye a natse, ta naɗe goro a ciki yadda ake cinsa a wurinmu, ta miƙo mini. Kin san ba a ƙin goron babba, ba a kuma karɓarsa da hannu ɗaya. Hannuwana sun riga kaina tunani. Na saki jita, na tara su biyu, na rusuna.

"Na gode, Kaka."

Jita ta ci gaba da gurnani. Ba ma ci gaba kawai ba, Mei ta kai wurin da ta fi so, tana ta yi masa ado.

Kaka ta riƙe hannuwana duka biyu tana leƙen fuskata. "Au, mace ce. Wane dangi?"

"'Yar Kong Rida ce ni."

"Rida ta coci? Allah sarki. Ina uwar taki, ba ta zo ba?"

"Tana nan kusa, Kaka."

"Ki gaishe ta. Ki ce mata gemun nan bai karɓe ki ba."

Duk wannan a gaban mutum dubu, lasifika na girgiza filin, tsirkiyoyina huɗu suna kwance ba mai taɓa su.

Mataki na 6: Ki bar masana su cece ki

Bah Donbor ya hau kujera. "Bah Shemphang, kana gani ko in ara maka tabarau? Jitar Wanbok ta girma, ta fara kaɗa kanta."

Mai unguwa ya miƙe yana naɗe lemarsa. Na saci kallon Kawu. A cikin matsattsen wandon nan da gashin kantinsa, karo na farko na ga dattijo mai ciwon gwiwa. Na so ƙasa ta buɗe, amma katako ne.

Sai Bah Kitbok ya tashi, littafinsa a hannu, ido cike da ƙwalla.

"Donbor, sauka kar ka karya kujerar kwamiti. Jama'a, shekara ashirin ina jiran wanda zai kai nan. Duk wanda ya yi karatu mai zurfi ya san Barnaby bai taɓa kaɗa tsirkiya ɗaya ba a rayuwarsa. Don tsawonsa aka ɗauke shi. Wani ne yake kaɗawa a bayan labule. Wasu suna kwaikwayon waƙa, wasu sutura. Mutumin nan ya kwaikwayi har asirin."

Ko ya karanta ne, ko a nan take abin ya sauko masa, ban sani ba. Masani ba a tambayarsa shafi.

Mai unguwa ya juya. "Wanbok, da gangan ka yi?"

Kawu ya gyara gashin kanti. "Bah, ni da nake faɗuwa da gangan shekara goma sha tara?"

Mai unguwa ya yi shawara da lemarsa na ɗan lokaci, sannan ya yanke hukunci: doka ta hana maguɗi, amma ba ta hana kwaikwayon maguɗin wani ba. Filin ya kaure da tafi. Har yanzu jita ba ta tsaya ba.

Bah Donbor bai haƙura ba. Ya haye dandamali ya fizge labule. Ga Mei a kan 'yar kujera, ido a rufe, butar shayi a gefen ƙafa, babbar jita ta kusa rufe ta. Ta ƙarasa layin da take kai tsaf kafin ta buɗe ido.

"Har an gama?"

Bah Kitbok ya ɓata fuska, ya buɗe littafi. "Na bayan labulen namiji ne. Mai gemu."

"Kun ji ko," in ji Bah Donbor. "Kwaikwayo bai cika ba."

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Wanbok ya riƙe wurinsa. Amma baɗi Kong Rida ta sa gemu."

"A bayan labule?" Mei ta ce. "Wa zai gani?"

"Ni zan sani," in ji Bah Kitbok.

Mei ta kurɓi shayi. "To ku ji. In har zan sha ƙaiƙayin gemu, a gaba zan sha shi, inda jama'a za su gani. Labule kuma wanda ya iya tsayuwa ya shiga ya tsaya."

"Rida, babu wannan a kaset," in ji Kawu.

"Babu ni ma a kaset, Bah. Ga ni kuwa."

Kafin matakin ƙarshe, ki ji wannan

Duk abin da ya same ki bayan kin bi shawarata, ba ni na sa ki ba. In unguwarku ba ta da mai kemis mai ilimi, in gam ya tafi da fatar kumatunki, in mahaifiyarki ta ɗanɗana tafi ta ƙi komawa bayan labule har abada, ki nemi kawunki. Ni ban san ki ba, kuma in muka haɗu a hanya ƙasa zan kalla.

Mataki na 7: Ki bar su da gardamarsu

Kowa ya juya wajen Mei. Kawu yana rantsuwa da kaset, Bah Donbor yana neman a sake zama, Bah Kitbok yana zana siffar gemu a iska, Kaka Dristina tana tambayar waye ya rasu. Wurin Kawu ya tsira, ba kuma mai buƙatar Barnaby a wannan minti.

Ki cire jita a hankali ki jingine ta. Ki ja da baya taku ɗaya, ki jira, ki ƙara ɗaya. Akwai rata tsakanin lasifika da sandar tuta, daidai faɗin siririyar yarinya. Daga nan sai bayan rumfar masu shayi, sai 'yar hanyar da ta gangara rafi. In kin sa gashin kanti a ƙarƙashin mayafi, kika buɗe lema, ba ki da bambanci da kowa.

Haka na yi. Yanzu ma haka zan yi, tunda na ga hankalinki yana kan gemun Mei.