Saura Minti Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da yake ba zan rantse a kan komai ba. Shekaru sun ja, ƙila na haɗa wata Laraba da wata Alhamis.

Na gama bautar ƙasa ke nan, na samu koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Maje, da sharaɗin wata uku na gwaji. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya cire agogonsa ya ba ni. Tsohon agogo ne da ake wanawa kullum da safe. In Baba zai yi alwala, sai ya cire shi ya jefa cikin hularsa, ya ajiye a kan dakali. Na karɓa da hannu biyu, na kai shi akwati. Ina da digiri, ina ni ina agogon da ke tsoron buta?

Sati biyu na yi ina bincike (ni ko biro zan saya sai na gwada uku). A ƙarshe na tsaya wurin Oga Chidi a kasuwa. Ya tsoma wani agogo a kofin ruwa, ya fito da shi yana tafiya.

"Malam, wannan ko kogi ka faɗa, kai za ka tsaya, shi ba zai tsaya ba."

Sai ya ɗauko mini sabo a kwali. Duk tambayoyina, ban tambaya ko wannan ma ya taɓa ganin kofin ba.

Ranar jarrabawar lissafi, shugabar makaranta, Madam Rifkatu, ta ba ni aji in tsare. Babu agogon bango, wayoyi kuma an bar su a ofis har da tawa. Kafin a fara na yi alwalar azahar, na kwarara wa agogon ruwa da gangan, ina satar kallon abokin aikina Malam Isa ko zai lura.

Can na duba, na ce wa ɗalibai, "Saura minti arba'in." Na zaga, na dawo, na goge hazon da ya taru a gilashin. Har yanzu arba'in. Na ce ƙila ɗazu ne na karanta ba daidai ba (kullum kaina na fi zargi). Na sake sanarwa. Yara sun gama, wasu sun kifa kai a tebur. Na sanar karo na uku, da murya mai ƙarfi, sai ga kiran la'asar. Madam tana bakin ƙofa, iyaye suna bayanta, Malam Isa yana leƙowa ta taga.

"Malam," in ji shi, "arba'in ɗin nan ta minti ce ko ta jego?"

Ajin ya fashe. Madam ba ta kore ni ba, amma ta ƙara mini wata guda na gwaji, kuma har na bar makarantar sunana Malam Arba'in.

Da na koma gida na buɗe akwati, sai na ji agogon Baba yana bugawa, lokaci daidai. Ashe duk safiyar duniya Baba yana shiga ɗakina ya wana shi. Da ya gan ni da shi a hannu, hula kawai ya miƙo mini.

Agogon Baba ne a hannuna yau. Na gane agogo mai ƙarko shi ne wanda ka san abin da ba ya so. Waɗanda suke ajin, in na yi kuskure ku aiko da gyara. Malam Isa ya dage sau huɗu na sanar. Ni dai uku na tuna.