Famfon Honarabul

Wani darakta, Nazifi, ya rantse sai ya yi fim ɗin da zai tona asirin 'yan siyasa. Ya ji labarin ƙauyen Rafin Ƙaya, inda wani ɗan majalisa ya kafa famfon tuƙa-tuƙa lokacin kamfe. Babu rijiya a ƙasa. Tanki ya binne, motar ruwa ta cika shi, aka tuƙa gaban 'yan jarida, ruwa ya zubo. Bayan zaɓe tanki ya ƙafe. Yanzu awaki ake ɗaurewa a jikin famfon.

Nazifi ya kwashi ma'aikatansa ya je. Ya zauna gaban Mai unguwa Jibo yana bayani.

"Baba, an cuce ku. Mu ba irinsu ba ne. Duniya za mu nuna wa abin da aka yi muku."

Mai unguwa ya ce, "To."

Sai dai fim yana son ruwa ya zubo kamar ranar farko, tanki kuwa babu ko ɗigo. Aka roƙi matan gari, suka yi ta jigila daga rafi mai nisa, tulu a ka, har ya cika. Ɗan wasa ya zuba babbar riga ya tuƙa, ruwa ya malale a ƙasa. Nazifi ya ce bai yi ba, a sake. Aka yi ta sakewa, mata na ta komawa rafi, har la'asar. Da zai tafi ya dafa ƙirji ya ce fim na shiga kasuwa, shi da kansa zai haƙa musu rijiyar burtsatse ta gaske.

Fim ya yi kasuwa. Nazifi ya sayi mota. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai da wani zaɓen ya ƙarato, ya ga lokacin kashi na biyu ya yi. Ya tarar da Mai unguwa a zaure, awaki na nan a jikin famfo.

"Baba, ka gane ni?"

"Na gane ka. Mai burtsatse."

Nazifi ya sosa ƙeya. "Tana nan tafe, Baba, wannan kashin na fita. Yanzu dai iyayenmu mata za su ɗan taimaka a cika tankin."

Mai unguwa ya kalli famfon, ya juyo ya kalli Nazifi.

"Haba Baba, kada ka haɗa ni da Honarabul mana."

"Ban haɗa ku ba, ɗana. Shi da ya zo yi mana ƙarya, da ruwansa ya zo."