Ladanin Landan

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da muryata ta kutsa cikin salla ba tare da an gayyace ta ba.

Lokacin ina bautar ƙasa a wani kamfanin robobi a Sharada, ina fafutukar a riƙe ni aiki in na gama. Don in burge Alhaji mai kamfanin, sai na rubuta 'yar manhaja: duk Juma'a ƙarfe ɗaya, lasifikar kamfani ta yi wa ma'aikata shelar tafiya masallaci. Muryar wa aka naɗa? Tawa mana. (Sai da na yi ta maƙale murya, wai ni ɗan rediyo.)

Manhajar tana kan wata kwamfuta ce da kamfanin ke haya a Landan. Na duba agogonta, na ga daidai yake da namu, na ce shi ke nan. Wata da watanni abu na tafiya sumul, kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza. Ashe mutanen can in sanyi ya shigo, mayar da agogonsu baya suke yi da awa guda. Ni wa ya gaya mini?

Ranar, ƙarfe ɗaya ta buga, shiru. Na ce ai wuta aka ɗauke. Muka yi alwala, muka shiga masallacin da ke jikin katangar kamfani. Allah da ikonsa, ga ni kafaɗa da kafaɗa da Alhaji.

Ƙarfe biyu liman ya ta da salla. Ya idar da Fatiha ke nan, wuri ya yi tsit, sai ga muryata daga sama, rangaɗau: "Jama'a, a ajiye aiki, a tafi masallaci! Kada a makara!" Kuma sau uku na sa ta riƙa maimaitawa. Wani a bayana ya kama tarin ƙarya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan sallama Alhaji ya juyo. "Injiniya, to ga mu mun zo. Sai ina kuma?"

"Ranka ya daɗe, agogon Landan ne..."

"Au! Ashe ladanin Landan muka samu."

Aikin dai an ba ni (Alhaji ya ce wanda ya sha wannan kunyar ba zai ƙara ba). Yanzu duk abin da zan sa wa lokaci, sai na rubuta wa kwamfuta ɓaro-ɓaro cewa agogon Najeriya nake nufi. Manhaja ta gyaru a ranar, suna ne ya ƙi gyaruwa. Kwanan nan 'yata ta tambaye ni yaushe na zauna a Landan. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba.