Injin Kawu Bawa da Ilimin Waya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na kunyata kaina a bakin madatsar ruwa ta Goronyo, da hantsi, a gaban mutanen da rabinsu ni nake koyar da 'ya'yansu a firamare.

Kawu Bawa, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini farautar tsuntsayen ruwa. Yana da ɗan siririn kwale-kwale da muke shiga mu bi dinya da kirinjijiya. Da kafaɗarsa ta fara ciwo saboda tuƙi, sai ya ce in ya sayar da albasa zai sa wa jirgin inji. Jin haka na kwashe mako biyu ina kallon bidiyon injuna a waya, har na ɗauka babu masani irina daga Wurno zuwa Rabah. (Ni da ko fulogin babur ɗina ban taɓa kwancewa ba.)

Ran Asabar ɗin, wani makanike, Malam Isa, ya kawo injuna biyu na hannu bakin dam don a gwada. Ɗaya ƙarami ne marar nauyi, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ga ƙara ga hayaƙi. Ɗayan babba ne, baƙin mansa daban yake, ba ya hayaƙi, kukansa ƙasa-ƙasa. Kawu ya ɗaga ƙaramin da hannu guda, ya gyaɗa kai.

Ni kuwa na gyara hula, na gyara murya. Masunta suka bar gyaran komar kamun kifi suka matso, har da mata masu suyar kifi. Na yi musu bayanin cewa ƙaramin tsohon yayi ne, ƙararsa za ta kori duk tsuntsun da ke dam ɗin, babban kuma ba ya shan mai. Har zane na yi a ƙasa da tsinke.

Malam Isa ya ce, "Gaskiya kah hwaɗi, Malam, amma babban ya yi wa jirgin ga nauyi."

Na ce a dai ɗaura mu gani. Mutum biyu suka ɗauko shi da ƙyar. Ana ɗaurawa bayan jirgin ya lotsa, gabansa ya ɗaga sama. Kowa ya ga haka, ni ma na gani, amma na riga na yi lacca.

Kawu ya ce, "Bari in zamna gaba in danne ma shi."

"A'a, Kawu, ka tsaya nan ka sha kallo."

"To, mi zan ce? Allah shi kiyaye."

Malam Isa ya ɗaura mini wata 'yar igiya a wuyan hannu, ya ce in na faɗa ruwa za ta kashe injin. Har na ji haushinsa.

Na ja igiyar tayarwa, inji ya kama lafiya lau. Na waiwaya na ɗaga wa jama'a hannu, sannan na murɗa wuta gaba ɗaya, yadda na ga ana yi a waya. Gaban jirgi ya miƙe sama, abin da na gani na ƙarshe takalmana ne a saman kaina. Sai tsundum!

Ban iya iyo ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Na rufe ido ina dukan ruwa ina salati, ina ihun a cece ni ina da iyali. Na tuna har gafarar Kawu na nema da ƙarfi. Can na jiyo muryarsa, ko gezau babu a cikinta:

"Malam, miƙe tsaye."

"Kawu, mutuwa nika yi!"

"Na ce ka miƙe tsaye. Ruwan ga bai kai ma cibiya ba."

Na miƙe. Wallahi bai kai ba. Ga ciyawa a kaina, hulata na yawo a gefe, jirgin kuma ya tsaya cak ba nisa, inji a kashe, ko jiƙewar kirki bai yi ba. Sai wata tsohuwa mai suyar kifi ta fashe da dariya har ta saki matsaminta, daga nan kowa ya ɗauka. Kawu bai yi dariya ba, ya shigo ya kama hannuna, ya jawo ni bakin gaɓa.

Ƙaramin muka saya, kuma har yau yana aiki. A fitarmu ta farko na tambayi Kawu batun ƙarar. Ya kashe injin tun muna nesa, ya miƙo mini filafili, ya ce, "Wa yac ce ma da inji aka isa wurin dinya? Tuƙa a hankali." Ran nan dinya biyu muka samo, aka yi farfesu a gida.

Masunta kuwa sun raɗa mini suna Sarkin Ruwa, kuma ina amsawa, don na ga ƙin amsawar ba ya rage komai. Tun daga ranar, in na ji bakina na ƙaiƙayin yin bayani a gaban masu sana'a, sai in fara tambayar zurfin wurin tukuna.