Karayar Obinna da Bakin Koci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kwamitin ladabtarwa na gasar unguwanni ya kira ni. A lokacin ni ne kocin wata ƙungiyar matasa a Arawa, nan cikin Gombe (koci dai na usur da hular rana, ba wanda ya yi karatun abin ba), kuma ina ji da kaina, don mun kai wasan kusa da na ƙarshe.

Da 'yan Tumfure muka haɗu. Suna da wani ɗan wasan gaba, Obinna, siriri, mai gudu kamar an biyo shi. Tun kafin hutun rabin lokaci ya zura mana ɗaya, ya kuma mayar da mai tsaron bayanmu, Sa'idu, abin dariya. Ni kuwa ina bakin layi ina ta kumfar baki. Da aka dawo, Obinna ya sake janyo ƙwallo ya nufo ragarmu, sai Sa'idu ya shigar masa da ƙafa biyu. Har inda nake na ji wata ƙara, amma na ce wa kaina takalmi ne ya haɗu da takalmi.

Alƙalin wasa ya ɗaga wa Sa'idu jan kati. Nan na faɗa cikin fili, na tsaya a kan yaron da ke kwance ina cewa, "Tashi, malam! Raki ne kawai!" Ni ma aka ba ni nawa katin, mutanenmu suka janye ni waje. Ina can bayan 'yan kallo ina huci aka ɗauki Obinna a keke napep zuwa asibiti. Da na ji an ce karaya ce, sai na ce ai 'yan Tumfure sun iya ƙarin gishiri. Ban je ba, ban tambaya ba. Fitar da mu daga gasar shi ne kawai ya dame ni.

Ranar zaman kwamiti na sa babbar riga (har da turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure), na haddace jawabin da zan kare kaina da shi. Aka ce in jira a benci a baranda. Na tarar da wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo a zaune, riƙe da kular abinci a leda.

"Oga, sannu da hutawa. Kai ma ƙara ce ta kawo ka?"

"Kusan haka," in ji shi.

Ban jira ya tambaye ni tawa ba, na kwashe labari na zuba masa. "Yaran yanzu ba su da ƙashi, Oga. Taɓawa kaɗan sai su kwanta suna birgima. Wannan Obinna ɗan wasan kwaikwayo ne. Kuma laifin iyayensu ne, su ke sangarta su. Da ɗana ne, da mari zan tashe shi."

"To," ya ce. "Ka je ka gan shi?"

"In je in ga me?"

Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon ledarsa.

Da aka kira ni ciki, na tarar da shugaban kwamitin, Alhaji Buba, wani tsohon alƙalin wasa, da mutanensa a bayan tebur. Sa'idu na gefe, kansa a ƙasa. Sai na ga dattijon nan ya biyo ni. Har na juya na raɗa masa, "Oga, namu ne tukuna." Kafin in rufe baki Alhaji Buba ya miƙe tsaye.

"Baban Obinna, bismillah, ga kujera. Ya mai jiki?"

Ban san yadda aka yi na zauna ba. Gumi ya keto mini tun daga ƙeya, babbar rigar ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Jawabin da na haddace kuwa, ko kalma ɗaya ban sake ganinta ba.

Aka fara da bayanin likita. Ƙasusuwan ƙwabri duka biyu sun karye, an sa ƙarfe, kuma ba wanda zai ce ko yaron zai sake taka ƙwallo. Sannan aka kunna bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka da waya. Kafin Sa'idu ya shiga, sai ga wata murya ta tashi sama da ta kowa: "Sa'idu! Ko ƙwallo ta wuce, shi kada ya wuce!"

"Koci," in ji Alhaji Buba, "muryar wa ce wannan?"

Wallahi na manta na faɗa. Amma muryar tawa ce, ko matata tana barci za ta shaida ta.

Wasu 'yan kwamitin suka ce a haramta wa Sa'idu ƙwallo har abada, ya zama darasi. Sai aka ba dattijon dama ya yi magana.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a garin nan aka haifi Obinna, da yaran nan ya tashi. Wannan Sa'idu, tun da abin ya faru kullum yana asibiti, shi ke tallabar ɗana zuwa bayan gida. Ku hukunta shi, ya cancanta. Amma kada ku raba shi da ƙwallo. Asarar yaro ɗaya ta ishe mu."

Sa'idu ya fashe da kuka. Ni kuwa na sunkuya ina jiran a zo kaina, a maimaita duk abin da na faɗa a benci, har da marin. Dattijon ya dube ni.

"Shi kuwa Koci, mun riga mun gaisa a waje."

Bai ƙara komai ba. Da ya tona ni, da ya fi mini sauƙi.

Kwamiti ya dakatar da Sa'idu zuwa ƙarshen shekara, ni kuma kakar wasa biyu ba ni ba bakin layi. Suka kuma ce daga ranar ba za a sake busa wasa ba sai da mai ba da agajin gaggawa a fili. Da na buɗe baki zan ce nawa ya yi yawa, Alhaji Buba ya ɗaga mini hannu. "Yaro ƙafa ya sa. Kai baki ka sa, kuma naka ya riga nasa."

A waje na tari dattijon, na fara kame-kamen ban haƙuri. Ya ce ba shi zan ba haƙuri ba, kuma abincin yana hucewa. Keke ɗaya muka shiga zuwa asibiti. Na ga ƙafar da idona, na tsaya a bakin gado na ce masa "sannu". Obinna ya amsa da ladabi, har ya ce a ba ni kujera.

Bai sake buga ƙwallo ba. Yanzu yana shagon kayan lantarki na babansa, yana ɗan ɗingishi, kuma duk sanda na wuce shi ke fara gaishe ni. Ni na koma bakin layi, amma 'yan wasana na yanzu suna ƙorafin cewa kocinsu ba ya ihu, wai kamar liman. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Na dai koyi cewa in yaro ya faɗi a fili, gara a yaudare ni sau goma da in sake kiran karaya raki. Kuma in na zauna kusa da baƙo, sai na tambayi sunayen 'ya'yansa kaf kafin in soma ba da ra'ayi kan tarbiyya.